Yadda za ka koya wa mai jin Sifaniyanci kalmar "get" ba tare da ya gudu ba

Amaryar ƙanena 'yar Malabo ce, a ƙasar Gini Ikwatoriyal. Sati uku da tarewarta nan Kubwa ta fita sayen burodi a shagon bakin layinmu, ta dawo fuska a murtuke, ta dire leda a kan tebur ta ce, "Yaya, me na faɗa da samarin can suke ta ƙyalƙyata mini dariya?" Na ce ta maimaita mini. Ashe cewa ta yi, "I want to obtain bread." Ni ma sai da na juya baya na haɗiye tawa dariyar. Ita dai *obtener* na Sifaniyanci ta ɗauko ta sa masa rigar Turanci, ba ta san cewa a bakin samarin Abuja *obtain* na nufin a tare mutum a ƙwace masa abin hannunsa ba. Abin da take nema ƙaramar kalma ce mai harafi uku, *get*.

A Malabo na yi firamare, lokacin mahaifinmu yana sayar da atamfa a can, a tsibirin da 'yan ƙwadagon koko na Najeriya suke kira Panya. Gini Ikwatoriyal ta karɓi 'yanci daga Sifaniya a 1968, kuma har gobe Sifaniyanci ne harshen makaranta da ofis. Da shi nake cin abinci yanzu, ina koya wa baƙi Turanci da yamma, yawanci matan ma'aikatan ofisoshin jakadanci a Maitama da Asokoro. Duk wanda na koya wa, daga Kyuba yake ko Meksiko ko Sifaniya, a kan *get* muke kai ruwa rana. Ga yadda nake bi da su, ko wani zai tsinci kansa da suruka ko abokin ciniki irin tawa.

Ka fara da baki kafin ma'ana. A rubutun Sifaniyanci, idan *g* ta zo kafin *e* ko *i*, daga maƙogwaro ake furta ta kamar *h* mai kauri, shi ya sa ɗalibinka zai karanta *get* ya ce "het". Kada ka tsaya dogon bayani. Rubuta masa *guet*, ka ce ya faɗe ta kamar farkon *guerra*, an gama. Sai ka lura da *t* ta ƙarshe, don kalmominsu ba su cika ƙarewa da ita ba, suna son haɗiye ta.

Daga nan ka ɓoye ƙamus. Da gaske nake. Ranar da Amarya ta buɗe *get* a wayarta ta ga ma'anoni sun jeru ba iyaka, kifa wayar ta yi ta ce ita ta haƙura da Turanci. Sai na tambaye ta me *ci* yake nufi da Hausa, tunda ta fara tsintar Hausa wurin mijinta. Ta ce *comer*, cin abinci. Na ce to, wanda ya ci jarrabawa fa, tauna takardar ya yi? Wanda ya ci bashi, da wanda ya ci amana, da kasuwar da take ci ranar Laraba? Babu Bahaushen da ya taɓa haddace jerin ma'anonin *ci*. Kunnenmu kalmar da ke biye da ita yake jira, ita ke faɗa mana ko tuwo ne ko zaɓe. Haka *get* take. Abin da za ka koya wa ɗalibinka shi ne ya daina kallon ta, ya kalli maƙwabciyarta ta dama.

Idan suna ne ya biyo baya, abu ya shigo hannu ke nan, ko ta wace hanya. Sifaniyanci yana rarrabe hanyoyin: *recibir* idan aiko maka aka yi, *conseguir* idan ka sha faɗi-tashi kafin ka samu, *comprar* idan kuɗi ka biya, *traer* idan ɗauko wa wani za ka yi. Turancin baka bai damu da wannan ba: "I got your message", "she got a job", "get bread", "get me water". Wannan ba ya ba su wahala, darasi ɗaya ya isa.

Inda za ka zauna ka shimfiɗa tabarma shi ne idan sifa ce ta biyo baya, don a nan *get* take nufin sauyawar hali, mutum ya tashi daga wani yanayi ya faɗa wani. Kuma a nan mai Sifaniyanci yake da wata gajeriyar hanya da bai san yana da ita ba. Da yawa daga cikin aikatau ɗinsu masu ɗan jelar nan *se* a ƙarshe, da *get* ake fassara su: *perderse* shi ne *get lost*, *mojarse* shi ne *get wet*, *vestirse* shi ne *get dressed*, *enfadarse* ko *enojarse* shi ne *get angry*. Nakan ba ɗaliba takarda in ce ta rubuto mini duk masu jela da ta yi tun asuba, daga *levantarse*, wato *get up*, har zuwa lokacin darasi, sannan mu bi su ɗaya bayan ɗaya muna sauyawa. A rana ɗaya sai ta tashi da jimloli goma sha biyar nata na kanta, ba na littafi ba. Dabarar ba ta cin kowane gida, don *get old* shi ne *envejecer*, *get fat* kuma *engordar*, duk ba jela, amma tana kai mutum nesa kafin ta gaza.

A wannan gaɓar dole ka raba masa *be* da *get*, in ba haka ba zai yi ta cakuɗa su. "I am married" ina da aure ke nan, *estoy casada*. "I got married" na yi aure, *me casé*, ranar da aka shafa fatiha. "I am tired" a gajiye nake, "I get tired" nakan gaji. Su kansu suna da barkwanci a kan *casado* da *cansado*, mai aure da gajiyayye, wai harafi ɗaya ne tsakaninsu. Amarya ce ta tuna mini da shi, a gaban mijinta kuwa, ranar da ya dawo daga aiki ya zube a kujera ko takalmi bai cire ba.

Idan wuri ne ya biyo baya, ma'anar ita ce isa, *llegar*: "get to Wuse", "get to the office". Tarkon guda ɗaya ne. Su suna cewa *llegar a casa*, don haka za ka ji "get to home". Gaya masa *home* da *here* da *there* ba sa karɓar *to*, kada ka nemi dalili, ni ma haka na same shi.

Batun abin hawa kuwa, kada ka koyar da shi a falo. Ni titi nake fita da su. Sifaniyanci *subir* da *bajar* kawai yake da su, hawa da sauka, Turanci kuma ya raba biyu. Abin da za ka shiga ka miƙe tsaye a ciki, ko ka ɗare bisansa, *get on* da *get off* ne: doguwar bas, jirgin ƙasan Kaduna da ke tsayawa nan tashar Kubwa, da acaɓa, wanda aka kora daga tsakiyar birni tun 2006 amma yana nan daram a unguwanninmu. Abin da sai ka sunkuya ka shiga ka zauna, *get in* da *get out* ne: tasi, keke, motar gida. Na taɓa ɗaukar Amarya daga Kubwa zuwa Berger, muka sauya mota zuwa kasuwar Wuse, duk inda muka hau ko muka sauka sai ta faɗi jimlar kafin ta taka. Direban tasi ɗaya har ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, makaranta kuka buɗe mini a mota?" Sai dai ka gargaɗi ɗalibinka cewa abin da zai ji a titi daban ne. Ba wanda zai ce masa *get off* a Abuja, "I wan drop" ake cewa. Ya iya duka biyun, ɗaya don yaron mota, ɗaya don jarrabawa.

A nan ne na taɓa yin abin kunyar da har yau in na tuna nake rufe fuska. Ina fassara wa wata 'yar Ajantina "get a taxi", na ce *coger un taxi*, yadda muke faɗa a Malabo, yadda kuma ake faɗa a Sifaniya. Matar nan ta zaro ido, ta toshe baki da hannu. A ƙasarsu, da Meksiko, da wasu ƙasashen yankin, *coger* kalmar batsa ce tsagwaronta. Tun daga ranar *tomar* nake cewa, sai in na tabbatar daga inda mutum ya fito.

Akwai wuri guda da mu da su muka yi tarayya, Bature ne ya fita daban. Mu mukan ce "na yi kitso", "na yi aski", alhali wani ne ya yi mana. Su ma haka suke cewa *me corté el pelo*, kamar su suka riƙe almakashin. Bature in ka ce masa "I cut my hair" zai iya ɗauka da hannunka ka yi, shi "I got my hair cut" yake cewa, "I got the car fixed", wato na sa an yi. Ƙanwar wannan ita ce "I got him to pay", na lallaɓa shi ko na matsa masa har ya biya, abin da su suke cewa *conseguí que pagara*. Wannan sai ɗalibi ya ɗan yi ƙwari, kada ka ɗora masa a watan farko.

Sauran ka bi ta kansu da sauri. "I get it" na gane ke nan, *entiendo*, ko na ɗau haske in ji yaran yanzu. *Have got* ba komai ba ne illa *tener*, *have got to* kuma *tener que*. In ya ji *gotten* a fim kada ya ɗauka kuskure ne, Turancin Amurka ne, na Ingila *got* yake tsayawa. Irin su *get along*, wato *llevarse bien*, da *get rid of*, wato *deshacerse de*, biyu a mako sun isa, kuma sai rayuwa ta kawo su. Amarya ta koyi *get rid of* ne a kan kyankyasan kicin.

Abin da ya fi ɗaukar mu lokaci ni da ita, wanda ba zai dami ɗan Kyuba ba, shi ne buroka. A Malabo akwai Pichi, ɗan'uwan burokan Najeriya, kuma a cikinsu duka *get* na nufin mallaka: "I get money" ina da kuɗi, "I no get change" ba ni da canji. Shi ya sa tun farko take gudun kalmar, malaminsu na sakandare ya gaya musu maganar titi ce. A daidaitaccen Turanci kuwa "I get money" na nufin kuɗi kan shigo mini, mai son cewa yana da su "I have" zai ce. Sai da na raba mata shafin littafi biyu, hagu na kasuwa, dama na ofis, duk jimlar da ta jiyo a waje mu zauna mu yanke mata ɓangare.

In ɗalibi ya saki jiki da *get* har ya fara zuba ta ko'ina, to ka mayar masa da kalmominsa na da, don a takardar hukuma *obtain* da *receive* da *become* su ne masu kujera. Watan jiya Amarya ta kawo mini wasiƙar da ta rubuta kan takardunta na zama, ta sa "I want to get my permit". Na soke *get* da jan biro na rubuta *obtain* a samanta. Ta kalli takardar, ta kalle ni, ta ce, "Haba Yaya, wannan ba ita ce ta burodi ba?" Na ce ita ce, sake kwafe wasiƙar kafin mijinki ya dawo.