Yadda za ki tafi da ƙananan yara cikin hidimar Kirsimeti

Makarantu kan ba da hutu wajen tsakiyar Disamba, yara ba sa komawa sai Janairu ya shigo. Kusan mako uku ke nan suna gida, ga sanyi, ga baƙi, ga gwajin waƙa a coci kusan kowace yamma. Ranar 25 ga wata guda ɗaya ce, kuma ba ita ce mai wahala ba. Sauran kwanakin ne ke gajiyar da uwa. Ina da yara uku a nan Jos, babbar tana da shekara bakwai, autan yana goye, kuma abin da na gano shi ne: in lokacin cinsu da barcinsu bai gurɓace ba, sauran hidima tana zuwa da sauƙi. Ga yadda nake bi.

Ki fara tun Nuwamba, ku zauna ke da maigida ku yi lissafi. Abu na farko da za a ware shi ne kuɗin makarantar Janairu, a ajiye shi inda hannu ba zai kai ba. Abin da ya rage shi za a raba tsakanin shinkafa, mai, kaji da kayan yara. A watan ne kuma za ki kai ɗinki. Wata shekara na yi sakaci sai 10 ga Disamba na kai, tela ya karɓa da fara'a, ranar jajibiri na tarar ko yankawa bai yi ba. 'Yata ta je sujada da tsohuwar riga tana hawaye, ni ma raina bai yi daɗi ba. Takalmi kuwa, in ba ki son jan yara cikin cunkoson kasuwa, ki auna ƙafar kowa da tsinken tsintsiya, ki ƙara ɗan tsawo don safa.

Na biyu, ki shirya wa hunturu. Nan ne nake so ki fi mai da hankali, domin yawancin rashin lafiyar da ke ɓata wa yara biki daga nan take fitowa. Ki daina yi musu wanka da sassafe. Ki bari rana ta ɗaga, wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, ki sirka ruwa, ki taɓa da gwiwar hannunki kafin ki zuba wa yaro. Da kin tsane jikinsa ki shafa man kaɗanya ko basilin tun fatar na da ɗan danshi, musamman leɓe, dunduniya da bayan hannu inda kaushi ke fara kamawa. Hula da safa da yamma dole ne. Tukunyar ruwan zafi kada ta zauna a ƙasa ko na minti ɗaya, domin mai rarrafe ya fi ki sauri.

Akwai abin da nake roƙon kowace uwa: kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi. In ɗakin ya yi sanyi ƙwarai, a ƙara bargo, a sa wa yara riga biyu. Haka janareto, a waje yake zama, nesa da taga.

Na uku, ki riƙe lokaci. Karin kumallo a sa'ar da suka saba, kunu ko koko mai ɗumi kafin wani ya miƙa musu alewa. Ƙananan su yi barcin rana ko da gida cike yake da baƙi. In gwajin wasan kwaikwayo na makarantar Lahadi zai kai dare, ki ciyar da su kafin ku fita, ki tafi da zani na goyo da rigar sanyi. Yaron da ya kwanta da yunwa da gajiya, gobe shi ne mai rigima, sai a ce ya cika fitina alhali ba laifinsa ba ne.

Na huɗu, ki ba kowa aikinsa. Ranar cincin, na kan ba babbar ta murza ƙullun, ɗan shekara huɗun ya jera yankakkun a faranti. Siffar ba ta yin kyau, amma da ka ga fuskarsa yana nuna wa kakarsa ka san ya ji an sa shi cikin mutane. Lokacin suya kuwa kowa ya fita daga kicin. Kuma mai shekara ɗaya ko biyu kada a ba shi cincin mai tauri ko gyaɗa guda-guda, suna iya shaƙe shi.

Da daddare bayan an ci tuwo, minti goma sun isa a ba su labarin da ake bikin dominsa. Ki buɗe Luka sura 2 ki karanta kaɗan-kaɗan: yau tafiya Baitalami, gobe komin dabbobi, jibi makiyaya a dawa. Wani daren ki koma Matiyu sura 2, inda masana daga gabas suka kawo zinariya, lubban da mur. Ki tambaye su, ki bar su su amsa yadda suka fahimta. Maigida, wannan aikin da kai ya fi dacewa, Maman yara tana can tana fama da tukwane.

Ranar kanta, ki gama miya tun jajibiri, da safe shinkafa kawai za ki ɗora. Yara su ci su ƙoshi kafin a sa musu sababbin kaya. Ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun kowannensu, domin coci kan cika maƙil ranar nan. Bayan an taso sai rabon abinci. A gidanmu, kamar gidaje da yawa a Arewa, maƙwabcinmu Musulmi muke kira ya yanka kajin don kowa ya ci hankali kwance, kamar yadda su ma suke aiko mana da nama da Babbar Sallah. Yara nake aikawa da kwanukan, babbar ta ɗauka, ƙaramin ya bi ta. Kafin su fita nakan maimaita musu: ku yi sallama, ku durƙusa, ku ce, “Baba, ina wuni? Mama ce ta ce a kawo.” In an ba su goron biki su karɓa da hannu biyu su yi godiya.

Yawon gidajen 'yan'uwa da yamma sai da babba a tare, a kuma dawo kafin duhu. Abin fashewar nan da samari ke kunnawa a titi, ni ba na saya, ba na kuma bari nawa su matsa kusa.

In za ku je gida wajen kakanni, ku tashi kafin 20 ga wata, kafin tasha ta cika kuɗin mota ya hau, kuma tafiyar safe. Ki riƙe ruwan sha, gidan sauro da sinadarin gishiri da sukari, ko da canjin ruwa zai ɓata wa yaro ciki.

Daren 31 ga wata, in za ku je sujadar ƙetare shekara, ki sa su barci sosai da rana, ki ɗauki tabarma da bargo. Daga 2 ga Janairu ki fara matso da lokacin kwanciya da rabin awa kowane dare, ki fito da kayan makaranta a gwada, domin akwai wandon da ya ɗage cikin mako ukun nan.