Babi na Shida: Yadda Za Ka Hana Waya Cinye Maka Kuɗi

Kafin mu fara, kowa ya fito da wayarsa ya ajiye a gabansa, tare da littafin rubutu da fensir. Wannan babin sai an taɓa da hannu, sauraro kawai ba zai wadatar ba. Wanda wayarsa ƙarama ce mai maɓallai ya matsa kusa da mai babbar waya ya riƙa kallo, domin darasi na 1 da na 4 da na 5 sun shafe shi shi ma.

Kuka ɗaya na fi ji a aji: "Malam, jiya na sa kati, yau na duba babu ko sisi, kuma ban kira kowa ba." Na yarda ba ka kira kowa ba. Amma kuɗin ba tashi sama suka yi ba, akwai ƙofar da suka bi. Ita za mu nemo mu rufe.

Darasi na 1: Aljihu biyu ne a layinka

Aljihu na farko kuɗin kira ne, wato abin da ke shiga idan ka sa kati. Da shi ake kira, da shi ake aika tes. Aljihu na biyu data ce. Da ita ake WhatsApp, Facebook, YouTube da duk abin da ke tafiya ta intanet.

Kowane kamfanin waya yana da lambar duba abin da ya rage. Tana farawa da tauraro, wato *, tana ƙarewa da wannan alamar #, mai layi biyu a tsaye da biyu a kwance. Ka tambayi wanda yake sayar maka da kati lambar layinka, ka rubuta ta a bangon littafinka da manyan lambobi. Bayan ka danna lambar, sai ka danna koren maɓallin kira kamar za ka kira mutum. Da yawa suna rubuta lambar su tsaya suna jira, alhali sai an danna kira amsa take fitowa.

Ana auna data da MB da GB. Sai an tara MB kusan 1,000 kafin a sami GB 1. Saboda haka GB 2 ya fi MB 500 yawa, ya ninka shi sau huɗu. Kada girman lambar ya ruɗe ka, fara duba haruffa biyun da ke gefenta. M ƙarami ne, G babba ne.

Yanzu ga ƙofar da kuɗi suke fita. Idan datar da ka saya ta ƙare, ko ranarta ta cika, kuma wayarka tana nan a kunne da intanet, kamfanoni da yawa sai su koma aljihu na farko su riƙa ɗiba, kuma a farashin da ya fi na datar da aka saya tsada. Ka kwanta da kuɗin kira, ka tashi babu.

Darasi na 2: Kashe data

Wannan shi ne darasin da ya fi duk sauran. Idan ka manta komai a babin nan, kada ka manta shi. Za mu tafi a hankali, ba mai kora mu.

Mataki na 1. Kunna allon waya, ka buɗe makullinta.

Mataki na 2. Ɗora yatsa a can saman allo, wajen da agogo yake. Ja yatsan zuwa ƙasa, kamar kana sauke labule. Idan alamomin da suka fito kaɗan ne, sake ja.

Mataki na 3. Nemi alama mai kibiya biyu, ɗaya tana kallon sama, ɗaya tana kallon ƙasa. A yawancin wayoyi akwai rubutu a ƙarƙashinta ko a gefenta, kuma a ciki za ka ga haruffa huɗu da ka riga ka sani: d, a, t, a.

Mataki na 4. Taɓa ta sau ɗaya. Sau ɗaya tak, ka ɗage yatsa. Idan ka taɓa sau biyu, ka kashe ka sake kunnawa ke nan.

Mataki na 5. Duba launinta. Idan tana da haske ko launi, a kunne take. Idan ta dusashe ta koma toka-toka, ta mutu.

Madalla. Wanda ya samu ya taimaki na kusa da shi, amma kada ya karɓi wayar ya yi masa. Ya nuna masa da baki, mai waya ya taɓa da yatsansa.

To ku saurara da kyau, a nan ne kusan kowa yake faɗuwa. Danna maɓallin gefe allo ya yi baƙi, ba kashe data ba ne. Fita daga WhatsApp, ba kashe data ba ne. Jefa waya a jaka ko a ƙarƙashin matashin kai, ba kashe data ba ne. Allon ya yi duhu, amma manhajojin da ke ciki suna nan suna aiki, suna karɓo hotuna, suna sabunta kansu, suna shan data kana barci. Kamar ka rufe ƙofar ɗaki ne ka bar famfo yana zuba a ciki. Rufe ƙofar bai tsayar da ruwan ba.

Akwai wata baiwar Allah da muka yi wannan darasin da ita har sau uku. Kullum sai ta ce ta kashe. Ranar nan na ce ta nuna mini yadda take yi. Ta ɗauki wayar, ta danna maɓallin gefe, allo ya yi baƙi, ta juyo da shi wajena tana murmushi ta ce, "Ga shi, Malam, ta mutu." Na ce ta kunna ta ja daga sama. Kibiyoyin nan biyu suna nan shuɗi shar. Sai ta dafe kai. Ba rashin basira ba ne, babu wanda ya taɓa nuna mata bambancin. Ranar ta kashe da hannunta, mako na zagayowa ta zo da kuɗin kiranta ba a taɓa ba.

Saboda haka mu sake. Ja daga sama zuwa ƙasa. Nemi kibiya biyu. Taɓa sau ɗaya. Duba launi.

Akwai alamomi biyu da ke zaune kusa da ita waɗanda ake ruɗewa da su. Ɗaya hoton jirgin sama ce. Kada ka taɓa ta, domin tana yanke sabis gaba ɗaya, ko kira ba zai shigo ba. Ɗayar kuma kamar buɗaɗɗen mafici take, ita ce ta wayfai, wato intanet da ake jonawa ba ta datar layinka ba. Ba ita muke nema ba. Kibiya biyu muke nema.

Na san tambayoyi biyu da ke ranku. Ta farko: idan na kashe data za a same ni a waya? Ƙwarai kuwa. Kira na layi da tes ba ruwansu da data. Kiran WhatsApp ne kawai ba zai shigo ba. Ta biyu: saƙonnina za su ɓace? A'a. Suna nan suna jiranka, da zarar ka kunna za su shigo. WhatsApp yana riƙe saƙon da bai isa ba har kwana 30.

Yaushe ake kashewa? Da ka gama abin da ya sa ka kunna. Kafin ka kwanta. Kafin ka sa sabon kati, wannan kuwa ka ja masa layi a littafinka: a kashe data tukuna, sannan a sa kati, sannan a sayi data, sannan a kunna. Wanda ya sa kati data na kunne, kafin ya gama danna lambar sayen data an riga an gutsure masa, sai a ce kuɗinsa ba su isa ba.

Gwaji: kowa ya kunna ya kashe sau biyar, yana faɗin matakan da ƙarfi. Sannan ka miƙa wa na kusa da kai ya duba launin.

Zan faɗi wata magana, ku yi haƙuri da ni. Wasunku za su gyaɗa kai a nan, su je gida su miƙa wa yaro waya su ce "kashe mini abin nan". Wannan ba koyo ba ne. Ranar da yaron ba ya nan fa? Kai da kake riƙe da gida, kake lissafin cinikinka da ka ba tare da kuskure ba, kibiya biyu ba za su gagare ka ba. Kunya ce take hana ku gwadawa a gaban mutane, kuma kunyar nan kuɗi take ci muku kullum. Ja, nema, taɓa, duba. Sake yi yanzu.

Darasi na 3: Bidiyo ne babban maci

Rubutu kusan ba ya cin komai. Saƙon murya da hoto suna ci kaɗan. Bidiyo kuwa ya fi su duka nesa ba kusa ba: awa ɗaya na bidiyo mai tsabta sosai yana iya cinye GB 1 ko fiye.

Idan kana cikin guruf-guruf na WhatsApp, wayarka tana iya sauke abin da aka turo tun ba ka buɗe ba. Ga yadda ake hana ta a wayar Android. Buɗe WhatsApp. Taɓa ɗigo uku da ke sama a gefen dama. Zaɓi kalmar da ke can ƙasa a jerin, mai farawa da harafin S, saitin ke nan. Nemi layin da ke da kalmar data ka taɓa. A ciki akwai layi uku a jere na sauke kaya, taɓa na farkonsu, wanda shi ma yake da kalmar data. Akwatuna huɗu za su fito: na hoto, na sauti, na bidiyo, na takardu. Cire alamar da ke cikin kowane, ka danna OK. Daga yau sai abin da ka taɓa da kanka zai sauka, ban da saƙon murya, shi yana sauka da kansa.

A YouTube, taɓa bidiyon, ka taɓa alamar da ta yi kama da taya mai haƙora. A wajen zaɓen tsabtar hoto akwai lambobi irin su 144, 240, 360, 480, 720 da 1080. Ƙaramar lamba, ƙaramin ci. Idan karatu ko labarai kake saurare, 240 ta ishe ka.

Ka gama kallo? Ja daga sama, nemi kibiya biyu, taɓa sau ɗaya, duba launi.

Darasi na 4: Abin da ka shiga ba ka sani ba

Wani lokaci saƙo yana faɗowa a kan allo yana cewa danna 1, ko danna OK. Idan ba ka iya karanta shi ba, kada ka danna komai sai maɓallin komawa baya. Ta nan ake shiga tsarin waƙar da mai kira ke ji, da na labaran wasanni, da makamantansu, a riƙa cire kuɗi kullum ko duk mako. Na sha faɗa, har yanzu ana danna OK don kawai saƙon ya kau daga ido. Ku daina.

Idan kana zargin an sa ka a irin wannan, kira lambar kula da masu hulɗa ta kamfaninka, ka ce a karanto maka duk tsarin da kake ciki, a cire wanda ba ka so. Ka tambaya kuma ko datarka tana sabunta kanta idan ta ƙare.

Rancen kati ma ba kyauta ba ne, akwai ladan da kamfani yake cirewa a kai. A bar shi sai ta kama dole.

Darasi na 5: Kira da tes

Shirya maganarka kafin ka danna kira. Idan kun gama, danna jan maɓalli da kanka, ka duba allo ka tabbata kiran ya yanke.

Tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Idan ka sa harafi mai lanƙwasa irin ɓ, ɗ ko ƙ, yakan koma 70 kacal, abin da ya haura a caje ka kuɗin tes na biyu. A WhatsApp babu wannan matsalar.

Darasi na 6: Sauran ƙananan abubuwa

Sabunta manhajoji a bari sai an sami wayfai. Idan ka jona wa wani data daga wayarka, ka kashe da zarar ya gama. Kafin ka sayi data, tambayi kwana nawa take yi.

Aikin gida

Ja layi uku a shafi ɗaya: rana, kuɗin kira, data. Kwana 7 a jere, duba abin da ya rage da safe da kuma dare, ka rubuta. Kowane dare kafin ka rubuta, kashe data ka duba launin kibiyoyin, sannan ka sa alama a gefen ranar. A zo da littafin da wayar a zama mai zuwa, ɗaya bayan ɗaya kowa zai kashe data a gabana.