Kurakuran da aka fi yi wajen sabunta fuskar tsohuwar manhaja: abin da ya faru da Jenkins

Duk wanda ya yi aiki a inda ake rubuta manhaja ya san Jenkins, ko da ba ta burge shi. Ita ce ke zaune a saba, wato kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, tana jiran mai rubuta kod ya turo gyara, ta ɗauka ta harhaɗa, ta gwada, in komai lafiya ta tura inda za a yi amfani da shi. Kohsuke Kawaguchi ne ya fara ta a kamfanin Sun Microsystems da sunan Hudson, aka fitar da ita a 2005. Bayan Oracle ya sayi Sun a 2010 aka sami saɓani kan sunan, a 2011 masu aikin suka koma kiranta Jenkins. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, kowa na iya ganin kod ɗinta ya kawo gyara, kuma mutane sun rubuta mata ƙananan manhajojin ƙari, wato fulogin, sama da 1,800. Wannan adadi shi ne tushen kusan duk wahalar da aka sha wajen gyara mata fuska, domin fuskar ba ta masu Jenkins kaɗai ba ce, kowane fulogin yana da rabonsa a cikinta.

Kuskure mafi tsada shi ne a ce tsohuwar fuska ba ta gyaruwa, gara a gina sabuwa a gefenta. An gwada wannan da Blue Ocean, wadda aka sanar a 2016 aka fitar da cikakkiyarta a Afrilun 2017. Maganar gaskiya, ta yi kyau. Tana zana matakan aiki a jere, ka ga inda aka tsaya da inda aka faɗi ba tare da ka tona dogon rahoto ba. Matsalar ita ce ta tsaya ga ayyukan Pipeline, wato ayyukan da ake rubuta matakansu a jere cikin kod. In kana son ka taɓa saitin saba, ko ka girka fulogin, ko ka ba wani izini, sai ka danna maɓallin fita ka koma tsohuwar fuska. Kamar wanda ya gina sabon falo ne amma kicin da rijiya suna tsohon gida, kullum yana kai da kawowa. Su kuma masu fulogin, mafi yawansu 'yan sa kai ne, ba su da lokacin rubuta shafi ɗaya sau biyu, saboda haka yawancin fulogin ba su taɓa shiga sabuwar fuskar ba. Yau aikin Jenkins da kansa yana gaya wa mutane cewa Blue Ocean ba za ta ƙara samun sababbin abubuwa ba, yana nuna musu Pipeline Graph View, wanda ke yin zanen matakan a cikin ainihin fuskar.

Gyaran wannan kuskure ba shi da armashi, shi ya sa ake gudunsa: a gyara fuskar da mutane ke ciki, shafi bayan shafi. Kafin ka fara sabon gini, ka lissafa duk abin da tsohon ke yi, ka tambayi kanka wa zai kwashe su, da kuɗin wa, cikin shekara nawa. In amsar ita ce "jama'a za su taimaka", to ka dakata.

Sai dai gyaran cikin gida ma yana da nasa ramin. Shafukan saitin Jenkins an gina su ne da teburan HTML, irin salon farkon shekarun 2000, shi ya sa ba sa lanƙwasuwa a ƙaramin allo. A sigar 2.264, cikin Oktoban 2020, aka sauya teburan da div, wato akwatunan HTML da suka fi lanƙwasuwa, sauyin ya iso ga masu bin siga mai dogon tallafi a 2.277.1 cikin Maris 2021. A ido ƙaramin abu ne. Amma fulogin da yawa an rubuta JavaScript ɗinsu, wato kod ɗin da ke sa shafi ya yi aiki a burauza, da zaton akwai layin tebur a sama da kowane akwati, da aka cire layin sai suka rasa inda za su kama. Mai kula da saba zai buɗe saitin wani aiki, ya sauya reshen kod ɗin da ake ginawa, ya danna maɓallin ajiyewa, shafin ya yi shiru ko ya jefo kuskure. Laifin kuma sau da yawa na wani fulogin ne da aka girka shekaru biyar baya, aka manta da shi, mai shi ma ya daina kula da shi.

Darasin kashi biyu ne. Mai gyaran fuska ya ɗauka cewa duk abin da ya daɗe a shafi, wani ya jingina da shi, ko an ba shi izini ko ba a ba shi ba. Ya binciki kod ɗin fulogin tun kafin ya taɓa komai, ya gudanar da gwajin dacewa a kansu, ya ba sauyin lokaci a sigar Jenkins da ke fitowa mako-mako. Mai kula da saba kuwa ya sabunta fulogin ɗinsa kafin ya ɗaga Jenkins, ya sake sabuntawa bayan ya ɗaga, ya cire waɗanda ba ya amfani da su, kuma ya fara gwadawa a kwafin saba, ba ranar Juma'a da yamma a kan wadda kowa ke aiki da ita ba.

Akwai kuma masu zaton sabuntawa fenti ce kawai. Su sauya launi da salon rubutu, su bar tsofaffin kayan da ke ƙarƙashi. Jenkins ta daɗe a kan Prototype.js, wani tsohon kundin kayan aikin JavaScript, wanda fitowarsa ta ƙarshe a 2015 ce, kuma yana kutsa kai cikin ginshiƙan JavaScript yana sauya halinsu, abin da ke sa sababbin kayan aiki su riƙa tuntuɓe. Ga kuma YUI, wani kundin irinsa, wanda Yahoo ya daina haɓakawa tun 2014. A nan dai an koyi hankali. Kafin a cire Prototype a sigar 2.426 cikin Oktoban 2023, an yi watanni ana bin fulogin ɗaya bayan ɗaya a jadawalin da kowa ke gani, ana aika musu gyara. YUI bai fita ba sai farkon 2025. A ganina wannan aiki da ba a ganinsa a hoto ya fi duk wani sabon launi amfani.

Maganar launi ma akwai abin faɗa. Shekara da shekaru ƙwallo ne ke nuna sakamakon aiki: shuɗi in an yi nasara, rawaya in da tangarɗa, ja in an faɗi. Mutane da yawa sun ƙi shuɗin har aka rubuta fulogin mai suna Green Balls don kawai a mai da shi kore. Amma kore da ja su ne launukan da masu matsalar bambance launi suka fi rikitawa. Mafita ita ce kada launi ya ɗauki saƙo shi kaɗai, a haɗa shi da siffa, kamar yadda alamomin yanzu ke da maki na daidai, gicciye da alamar motsin rai. Haka kuma kada mai fulogin ya rubuta lambar launi kai tsaye a shafinsa. Da aka kawo jigon duhu, wato fuska mai baƙin bango, a 2020, irin waɗannan shafuka ne suka fito da baƙin rubutu a kan baƙin bango. Gara mai fulogin ya yi amfani da sunayen launi na bai-ɗaya, ya duba Design Library na Jenkins, wato kundin misalan zanen shafi, ya ga yadda ake yin maɓalli da fom da akwatin gargaɗi.

Na ƙarshe, ɓoye abubuwa da sunan tsafta. Wanda ke shiga Jenkins sau talatin a rana ba yawon buɗe ido ya zo ba, aikinsa ne ya faɗi, yana neman layin da ya jawo haka a rahoton aiki. In sabon tsarinka ya ƙara masa danna biyu kafin ya isa wurin, ka ɓata masa rana ko da shafin ya fi kyau. Ka ƙirga danne-dannen a tsohuwar fuska da sabuwa kafin ka saki sauyin, kuma ka bar tsofaffin adireshin shafuka suna aiki, domin akwai saƙonnin imel da ƙananan kod na kamfanoni da ke nuni gare su.