Tsagewar jijiyar jini a tiyatar faifan ƙashin baya: yadda ake gane ta da abin yi

Mai ciwon kwankwaso da ke sauka ƙafa, idan magani da motsa jiki suka kasa, akan yi masa tiyata a cire ɓangaren faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, wanda ya ɓullo ya danne jijiyar ƙafa. Galibi ana gamawa lafiya. Sai dai akwai hatsari guda da ba kasafai yake faruwa ba, mutum 1 zuwa 5 cikin 10,000 bisa alƙaluman da aka fi ambata, amma yana iya kisa cikin ƴan awoyi: hantsakin da ake ciro faifan da shi ya zarce ya tsaga babbar jijiyar jini. Tun 1945 likitoci biyu a Amurka, Linton da White, suka fara rubuta labarinsa, har yau kuma ana rasa rayuka, yawanci saboda an makara wajen ganewa.

Ta baya ake shiga, mara lafiya na kwance rub da ciki. Faɗin faifan daga baya zuwa gaba kusan santimita 4 ne, ya danganta da mutum, a gabansa kuma sai ɗan siririn bango, sannan manyan jijiyoyin jini. Uwar jijiya mai ɗauko jini daga zuciya tana rabuwa biyu daidai ƙashin kwankwaso na huɗu, L4, kowane reshe ya nufi ƙafa guda. Jijiyoyin da ke maido jini daga ƙafafu kuma suna haɗewa wajen L5. Shi ya sa faifan L4-L5, wanda yana cikin waɗanda aka fi yi wa aiki, nan ne aka fi samun raunin.

Rigakafin yana hannun mai tiyata tun kafin a sa wuƙa. A auna faɗin faifan a hoton mara lafiyan, a sa alama a jikin hantsakin, kada ya nutse fiye da santimita 3. Kada a ciza sai an ji bakinsa yana gogar ƙashi sama ko ƙasa. A cire abin da ya ɓalle kawai, ba sai an ƙwaƙule faifan kaf ba. Matasan da ake ɗora mutum a kai su tokare ƙirji da ƙasusuwan ƙugu, ciki ya sake, domin cikin da aka danne yana manna jijiyoyin a jikin faifan. Wanda aka taɓa yi wa aiki a wurin, ko a ciki, a ƙara kula da shi. Idan hantsaki ya faɗa ba tare da turjiya ba, ko ya fito da kitse, a tsaya. A cika ramin da ruwan sarum: in ya zurare nan take, bangon gaba ya huje.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne jinin ba ya fitowa inda ake kallo. A fiye da rabin waɗanda abin ya sama, wurin aikin tsaf yake. Ƙofar da hantsakin ya huda takan rufe kanta, jinin ya riƙa taruwa can bayan hanji. Kwanciyar rub da ciki ma tana danne wurin, sai an juya mutum rigingine awon jininsa, tansiyo ke nan, ya faɗi warwas. Ga shi yawancin masu wannan aiki ba tsofaffi ba ne, jikinsu na da juriya. Mutum mai kilo 70 jininsa kusan lita 5 ne, yana iya zubar da lita ɗaya da rabi kafin tansiyo ya nuna komai. Bugun zuciya ne ke fara tona asiri. Ga mai sa barci kuwa, iskar da mara lafiya ke fitarwa, wato CO2 a na'ura, tana iya yin ƙasa farat ɗaya.

Saboda haka bayan an fito da shi a auna bugu da tansiyo kowane minti 15 na awa biyun farko, a rubuta, a duba inda lambobin suka dosa. Idan bugun ya haura lambar sama ta tansiyo, misali bugu 115 tansiyo 100, a kira likita ko da mutumin yana hira. A taɓa bugun jini a matsematsi da bayan ƙafa, dama da hagu, a gwada. A ɗaga riga a dubi ciki. Fitsari kada ya gaza rabin mililita kowane kilo a awa, wato 35 ga mai kilo 70. Gwajin yawan jini na farko na iya fitowa daidai, kada a jingina da shi, a sake bayan awa guda. A watan zafin Yamai abu ne mai sauƙi a ce ƙishirwa ce ko ragowar maganin barci, a rataya leda guda a wuce. In tansiyo ya ɗago da ƙarin ruwa sannan ya sake faɗuwa, jini ne ke zuba.

Ƴan jinya, ku ne a gefen gado. Ba kasafai aikin baya ke kawo ciwon ciki ba. In mara lafiya ya ce cikinsa ko mararsa na ciwo, cikin na tasowa, yana gumi mai sanyi, leɓe da tafin hannu sun yi fari, yana ta neman ruwa, ko ƙafa guda ta yi sanyi, ku tafi ku kira ma'aikaci, kada ku jira zagayen safe. Tun kafin ranar aikin ma a san rukunin jininsa, dangi biyu ko uku su ba da jini a cibiyar ƙarin jini.

Da zarar an yi zargi, a toshe raunin baya a rufe da sauri, a juya shi rigingine. A sa manyan allurai biyu, lamba 14 ko 16, a nemo jini, a kira likitan tiyatar ciki ko na jijiyoyin jini a lokaci guda. Ana iya ba da tranexamic, maganin tsayar da jini, giram 1 cikin minti 10. Kada a cika shi da ruwa don neman tansiyo ya koma daidai. Lambar sama ta tsaya 80 zuwa 90 har a kama jijiyar, don yawan ruwa na tsinka jini ya ɓalle gudan da ya fara toshe wurin. Wanda tansiyonsa ya ƙi tsayawa, ciki za a buɗe, a danne uwar jijiya, a ɗinke ko a yi dashe. Kai shi ɗaukar hoto ɓata lokaci ne, kuma ekogarafi kan kasa ganin jinin bayan hanji. Sikana mai allurar launi ta wanda ya daidaita ce. Inda akwai kayan aiki, ana zura ɗan bututu ta matsematsi a liƙe wurin daga ciki.

Akwai kuma wanda ke zuwa a makare. Wani lokaci hantsakin kan huda jijiyoyi biyu da ke manne, mai kai jini da mai maidowa, jini ya riƙa tsallakawa kai tsaye. Mutum ya warke, an sallame shi, ya kama hanyar Doso da Ƙwanni ya koma Tawa. Bayan makonni, watanni, har shekaru, sai haki, faɗuwar gaba, ƙafa guda ta kumbura. A ɗauka ciwon zuciya ne, a ba shi maganin sa fitsari. Duk matashi ko magidancin da ya zo da irin wannan, a tambaye shi ko an taɓa yi masa aikin baya, a dubi tabon, a ɗora abin sauraro a ƙasan cibiya. Za a ji ƙugi mara yankewa kamar injin niƙa, tazarar lambobin tansiyo biyu kuma ta yi faɗi. Wannan sai a tura shi Yamai a yi masa sikana ta jijiyoyin jini, da takardar da ta faɗi shekarar aikin da faifan da aka taɓa. In aka rufe hujin da ke tsakanin jijiyoyin, zuciya takan koma daidai.