Rauni da Ceto Ga Mai Ratsa Kwazazzabo Shi Kaɗai

Matsattsen kwazazzabo hanya ce da ba a komawa ta inda aka shigo. Da zarar ka sauka gangaren farko ka janye igiyarka, mafita ɗaya ta rage maka, wato gaba. Mai tafiya cikin ayari idan ya yi targaɗe, wani zai ɗauki jakarsa, wani ya zura shi da igiya, wani ya fita neman taimako. Kai kaɗai kuwa, targaɗen nan shi ne kwana cikin jiƙaƙƙun kaya a wurin da rana ba ta leƙawa. Sau da yawa ba raunin ne ke halaka mutum ba, tsawon lokacin da yake ɗauka kafin a san yana cikin matsala ne.

Saƙon da za ka bari a baya

Aikin ceto yana farawa ne tun kafin ka bar gida. A watan Afrilun 2003, wani dutse mai nauyin kusan kilo 360 ya danne hannun daman Aron Ralston a kwazazzabon Bluejohn da ke jihar Yuta ta Amurka. Ya shafe fiye da kwana biyar a wurin, har sai da ya yanke hannun da kansa. An fi tuna yankan, amma abin lura shi ne bai gaya wa kowa inda za shi ba.

Ka rubuta wa mutum ɗaya mai hankali, kada ka faɗa da baki kawai: sunan kwazazzabon, inda za ka shiga da inda za ka fita, lambar motarka da launinta da inda za ka ajiye ta, tsawon igiyoyinka, launin kayan jikinka, da magungunan da kake sha. Sannan ka ba shi lokaci biyu. Na farko lokacin da kake sa ran fitowa, na biyu lokacin da zai kira masu ceto ba tare da ya ƙara jira ko minti ɗaya ba. Ka rubuta masa lambar da zai kira: 911 a Amurka, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai. A yawancin yankunan Yuta ofishin sherif na gunduma ne ke jagorantar nema, a cikin gandun ƙasa kamar Zayon kuma jami'an gandun ne. Idan ka sauya shawara a hanya ka nufi wani kwazazzabon ba ka sanar ba, takardar nan ta koma abin da zai kai masu nema wurin da ba ka nan.

Igiya

Nan ne ya kamata a daɗe, domin kuskuren igiya ba ya ba da damar gyara. Mai ayari yana da wanda zai riƙe masa bakin igiya daga ƙasa, ya ja ta da ƙarfi idan ya suɓuce. Kai ba ka da shi, don haka duk abin da zai tsayar da kai dole ya kasance a jikinka.

Kafin kowace sauka, ka tsaya ɗaure da turke, wato abin da igiya ke rataye a jikinsa a sama, ta gajeriyar igiyar tsaro, ka duba abu huɗu a jere, kullum a jere ɗaya: ɗamara (maɗaurin ƙugu da cinya da ke ɗauke da kai) ta ɗauru, ƙugiya ta kullu, igiya ta bi ƙarfen sauka (ƙarfen da ke rage gudun igiya) daidai, bakinta ya kai ƙasa ka gani da idonka. Daga nan ka sakar wa ƙarfen saukar nauyinka duka alhali igiyar tsaron tana nan. Sai ya riƙe ka sannan ka kwance ta.

Igiyoyin kwazazzabo sirara ne, milimita 8 zuwa 9, ba sa miƙewa. Siririyar igiya sabuwa tana gudu fiye da yadda hannu ke zato, kuma gudun yana ƙaruwa yayin da kake kusantar ƙasa, saboda nauyin igiyar da ke rataye ƙarƙashinka, wanda ke taimaka maka birki, yana raguwa. Mutum zai fara saukar mita 50 yana tura igiya da ƙyar, ya ƙarasa mita 10 na ƙarshe tana ƙona masa tafin hannu. Ka ƙara gogayya tun a sama, ka kuma koyi ƙara ta kana rataye. Jaka mai nauyi kada ta zauna a bayanka a inda ƙafa ba ta taɓa bango, za ta kifar da kai. Ka rataye ta a ɗamara ta yi lilo ƙarƙashinka.

A busasshen gangare, ka ƙulla bakin igiya don kada ka zare ta ƙarshenta, ka kuma ɗaura ƙullin furusik, wato 'yar igiya da ake naɗawa a jikin babbar wadda ke damƙe ta idan nauyi ya hau, ƙarƙashin ƙarfen sauka domin ya kama idan hannunka ya saki. A cikin ruwa mai gudu abin ya juya: ƙullin da ya cece ka a busasshen wuri shi zai riƙe ka ƙarƙashin ruwan da ke zubowa har numfashi ya ƙare. A can ba ƙulli, ba furusik, kuma a daidaita tsawon igiya ta tsaya daidai saman ruwan, yadda za ka zame daga ƙarshenta ka yi iyo.

Gashi, gemu, bakin riga ko safar hannu kan shige ƙarfen sauka. Hannu zai so ya zaro wuƙa, hana shi. Igiyar da ke ɗauke da nauyi taɓawa ɗaya take jira ta tsinke. Ka kulle ƙarfen, ka ɗaura furusik sama da shi, ka saƙala madaukin ƙafa, ka miƙe a kai. Nauyi na barin ƙarfen, abin da ya maƙale zai fita. Wanda bai gwada wannan sau da yawa a kan reshen bishiya kusa da ƙasa ba, bai kai shiga shi kaɗai ba. Kada kuma ka daɗe a rataye ƙafafu na reto ba motsi: jini na taruwa a ƙafafu, mutum ya suma, suma a cikin ɗamara kuwa tana kisa. Ka riƙa taka madaukin kana motsa ƙafa.

Sai maƙalewar igiya wajen janyewa, gaba kura baya sayaki. Kafin ka sauka ka raba igiyoyin biyu da ke rataye kada su murɗe, ka tura ƙullin da ya haɗa su ya wuce leɓen dutsen, ka kauce wa tsagar da igiya za ta faɗa. Idan ta ƙi zuwa, ka ja baya ka sauya kusurwa. Muddin baki ɗaya ya riga ya haye sama ya ɓace, kada ka hau ragowar, domin ba ka san abin da ya riƙe ta ba, wataƙila ɗan tsinke ne. Maganin wannan yana cikin jaka: igiyar ajiya mai tsawon gangare mafi tsawo da ke gabanka, ƙari a kan ninki biyun da sauka da janyewa ke bukata.

Idon sawu da sauran raunuka

Raunin da aka fi gani ba daga dogon gangare yake zuwa ba. Ɗan tsallen mita ɗaya ko biyu ne, wanda mutum ya ga bai kai a ciro igiya ba. Kowace ambaliya tana sauya ƙasan kududdufi, inda bara ruwa ya shanye mutum, bana dutse ne a zurfin gwiwa. Kai kaɗai ba ka tsalle, ko kaɗan. Ka zura jaka tukuna, ka bi ta da igiya.

Idan abin ya faru, ka fita daga ruwa, ka zauna a kan jaka ko naɗaɗɗiyar igiya, ka ba kanka minti goma kafin ka yanke wata shawara. Ka latsa bayan ƙasusuwan nan biyu da suka turo a gefen idon sawu. In zafin a kan ƙashin yake, ko ba ka iya taka ƙafar taku huɗu, ka ɗauka karaya ce. Kada ka yi saurin cire takalmi: kumburi zai hana shi komawa, shi kansa kuma tallafi ne. Ka sassauta igiyarsa, ka kafa karan ɗori mai lanƙwasuwa ta ƙarƙashin diddige ya hau gefe biyu, ka naɗe da bandeji. Bayan kowane ɗan lokaci ka duba yatsu. Sun yi fari, sun yi sanyi ko sun daina ji, ɗaurin ya matse. Babban mutum mai lafiyar hanta zai iya shan farasitamol giram 1 duk awa shida, kada ya wuce giram 4 a yini. Ibuprofen a guje shi idan jiki ya bushe da ƙishirwa, ko ana zubar jini, ko dutse ya danne gaɓa, saboda ƙoda.

Jini: ka danna wurin da ƙarfi minti goma ba tare da ɗagawa kana leƙe ba. Idan yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, ka ɗaura maɗaurin tsayar da jini santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gaɓa ba, ka murɗa har jinin ya tsaya, ka rubuta lokacin, kada ka sassauta. Ka koyi ɗaura shi da hannu ɗaya.

Bugun kai daban ne. In ka yi amai, ko ka rasa tuna yadda ka faɗi, ka nemi ceto nan take tun hankalinka na tare da kai.

Sanyi

A waje zafi na iya kai digiri 40, a ƙasan kwazazzabo ruwan da bai taɓa ganin rana ba yana daskarar da yatsu. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Zafin cikin jiki na sauka ƙasa da digiri 35, makyarkyata ta fara, hannu ya kasa ƙulli, tunani ya yi nauyi. Gwaji mai sauƙi: haɗa babban yatsa da ƙaramin. Ya gagara, ka tsaya ka ɗumama jiki kafin ka sake taɓa igiya. Idan makyarkyatar ta tsaya alhali ba ka ji ɗumi ba, abin ya yi nisa.

Rigar roba ta iyo mai kaurin milimita 4 zuwa 5 tana aiki ne kana motsi. Ga wanda rauni ya zaunar, ana bukatar busasshiyar riga da hula a jakar da ruwa ba ya shiga, da buhun ceto mai sheƙi, da abin ci mai sukari. Masu shiga kogo suna da dabara: a zauna a tsugune cikin babbar leda da aka huda wa kai, a kunna kyandir tsakanin ƙafafu. Tana ɗumamawa sosai, sai dai a kula da wutar.

Ramin da ba ya sakin mutum, da ambaliya

Akwai ramukan da ruwa ya fafe kamar tulu, bangonsu sumul, leɓen fita ya fi ƙarfin hannu, ƙafa kuma ba ta taɓa ƙasa. Ayari na ɗaga junansu su fita, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Dokar a nan ɗaya ce: kada ka janye igiyar da ka sauko da ita sai ka tsaya a ɗaya gefen. Tun daga sama ka cika 'yar jaka da yashi, ka ɗaura mata siririyar igiya, ka jefa ta haye leɓen, ka ja ka ji ko za ta ɗauke ka. Ba ta riƙe ba, ka hau igiyarka ka koma. Kwazazzabon da aka san shi da irin waɗannan ramuka ba na mutum ɗaya ba ne, komai gwanintarsa.

Ambaliya kuwa ba ruwanta da yawan mutane. Ta kashe 11 a kwazazzabon Antelope na Arizona a Agustan 1997, da 21 a Saxetenbach na Suwizalan a Yulin 1999, da bakwai a Keyhole cikin gandun Zayon a Satumban 2015. Ruwan da ya sauka a nisan kilomita da yawa, inda ba ka ko ganin hadarinsa, shi ke isowa. Ka duba hasashen yanayi na dukkan yankin da ke malalowa cikin kwazazzabon. Ruwa ya sauya launi, ganye da tsinke sun fara wucewa, ko ka ji ruri daga sama: ka yar da jaka ka hau. Ba a tsere mata da gudu.

Kiran ceto da jira

Wayar hannu ba ta da amfani a ƙasan tsaga. Na'urar kiran ceto mai aika sigina zuwa taurarin ɗan adam na ceto da ake kira Cospas-Sarsat, ko mai aika saƙo ta tauraron ɗan adam irin inReach, duka biyun sai sun ga sarari. A tsagar da faɗinta bai wuce mita ɗaya ba saƙon na iya daɗewa ƙwarai, ko ya fita da wurin da ba daidai ba. Ka rataye na'urar a jikinka, ba a jakar da za ka iya yarwa ba. In kana iya jan jiki, ka nufi wuri mafi faɗi, wanda ya ɗara tsayin itatuwan da ambaliyar baya ta maƙala a bango. Ka miƙar da eriya tsaye, ka kunna, ka bar ta a kunne. An ƙera batirin irin ta farkon ya yi aƙalla awa 24. Idan taka mai rubutu ce, saƙon farko ya ƙunshi sunan kwazazzabon, gangare nawa ka sauka, irin raunin, da ko kana cikin ruwa. Lissafin gangaren ya fi lambobin taswira amfani ga wanda ya san wurin.

Kada ka jinkirta kira don kunya. Kiran ƙarfe biyu na rana na iya kawo jirgi mai saukar ungulu kafin duhu, na ƙarfe shida kuwa yawanci sai gobe. Ko da jirgin ya zo, ba ya shiga matsattsiyar tsaga. Masu ceto kan kafa turaku a bakin kwazazzabon su zuro mutum, ko su biyo sawunka gangare bayan gangare, kuma wannan aikin awoyi ne masu yawa.

Bayan ka kira, ka zauna inda kake sai dai in ruwa ya tashe ka. Usur ya fi murya, ba ya kuma ƙarar da ƙarfi: busa uku, ka saurara, ka maimaita. Da dare ka haska tocila a bango mafi tsayi. Ka shimfiɗa abu mai launi inda za a hango daga sama. Jirgi ya bayyana, ka ɗaga hannu biyu sama a buɗe, domin kaɗa hannu ɗaya ana iya ɗaukarsa gaisuwa. Hular kwano ta zauna a kanka, ka raɓe jikin bango, saboda masu aiki a sama suna turo duwatsu ba da niyya ba. Wanda ya fara isowa ka gaya masa lokacin da ka ji rauni, maganin da ka sha da lokacinsa, da lokacin da ka ɗaura maɗaurin jini. In dutse ne ya danne ka, ka faɗi awa nawa ya yi a kanka kafin su ɗaga shi, domin gubar da ta taru a matsattsen nama tana iya bugun zuciya da ƙoda idan ta kwararo lokaci ɗaya, kuma sukan so su fara sa maka ruwa ta jijiya tukuna.