Lasisin Windows na jabu da kwamfutar da ta ƙi karɓar lamba: ga yadda za ka yi

Idan rubutun nan na Activate Windows ya fito maka a ƙasan allo ta hannun dama, don Allah kar ka yi gaggawar sake sayen wata lambar mai araha, ka fara gano wane irin lasisi ne ma a kan kwamfutar taka tukunna.

Buɗe Command Prompt a matsayin admin ka rubuta slmgr /dli. Wani ɗan akwati zai fito, duba layin Description. In ka ga RETAIL (wanda aka saya daban) ko OEM (wanda ya zo da kwamfutar daga kamfani) to da sauƙi. Amma in VOLUME_KMSCLIENT ka gani, alhali kwamfutar taka ce ta gida ba ta wani kamfani ko makaranta ba, to kirak aka sa maka, wato an kunna Windows ɗin ta ɓarauniyar hanya. Shi KMS an yi shi ne don manyan ma'aikatu masu sabar tasu, wato babbar kwamfutar da ke kunna lasisin sauran kwamfutocinsu, kwana 180 yake yi sai an sabunta, shi ya sa za ka ga abu lafiya lau wata biyar wata shida sai kwatsam ya dawo da 0xC004F074, wato ya nemi sabar bai same ta ba. Rubuta slmgr /xpr ma, zai gaya maka ko na dindindin ne ko yana da ranar ƙarewa.

Akwai kuma MAK, lamba ɗaya ce da aka ba ma'aikata don kwamfutoci masu yawa, sai wasu su sace ta su dinga sayar wa kowa da kowa a intanet har ta cika ko Microsoft ta toshe ta, a nan ne kake ganin 0xC004C020 ko 0xC004C003. Wannan ba ta gyaruwa, ko sau nawa ka sake shigar da ita. Ka ɗauki hoton allon da rasit ɗinka ka koma wa mai sayarwa ya dawo maka da kuɗinka, in da kati ka biya ka kai ƙorafi bankinka da wuri.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutane da yawa suna da lasisi na gaskiya ba su sani ba. Tun zamanin Windows 8 a 2012 kamfanonin kwamfuta suke binne lambar a cikin BIOS, manhajar da ke cikin madabod, babban allon cikin kwamfutar, sai mai gyara ya zo ya goge Home ɗin da ta zo da shi ya ɗora Pro da kirak wai ya fi kyau, lambar Home kuwa ba za ta taɓa buɗe Pro ba. Shiga PowerShell ka rubuta (Get-CimInstance SoftwareLicensingService).OA3xOriginalProductKey, in haruffa 25 sun fito to ga halal ɗinka nan. Kwashe fayilolinka, sauko da Windows daga shafin Microsoft kai tsaye ka sa a filash, ka yi sabon zubi na Home, da ka haɗa intanet zai kunnu da kansa in dai lambar ba ta Windows 8 ba ce.

Ni dai shawarata ko da babu lambar a BIOS, kwamfutar da aka taɓa sa wa kirak irin su KMSPico gara a goge ta gaba ɗaya. Sai an kashe Defender, mai gadin Windows daga virus, ake sa shi, kuma ba ka san me ya shigo tare da shi ba, akwai masu satar lambobin sirri. Bayan gogewar ka canza na imel da na banki.

In kuwa madabod aka canza maka ya ɓata lasisin, je Settings, Activation, danna Troubleshoot, zaɓi cewa ka canza kayan kwamfutar kwanan nan. Amma fa sai in da ma ka haɗa lasisin da asusunka na Microsoft, kuma na Retail ne ya fi bin ka, na OEM a maƙale yake da tsohon bod. Lambobin Windows 7 da 8 kuma kar wanda ya sayar maka, tun 2023 aka rufe ƙofar kunna Windows 10 da 11 da su.