Guzurin Umara: tsabar kuɗi ko kati?

In kana shirin Umara kar ka kuskura ka dogara da abu ɗaya, ka riƙe tsabar kuɗi ka kuma riƙe kati, amma ni a ganina tsabar ta fi yawa.

Canji tun daga gida ake fara shi. Riyal a ɗaure take da dala tun 1986, dala ɗaya riyal 3.75, don haka in ka sayi dala a kasuwar 'yan canji ta Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja ba ruwanka da tashi da faɗuwar naira har ka dawo. Ka ce a ba ka 'yan ɗari-ɗari sababbi masu shuɗin zaren nan, tsofaffi masu ƙaramin kai wasu 'yan canjin can ko kallonsu ba sa yi, in ma sun karɓa sai sun zaftare maka wani abu. Wadda ta yage ko aka yi mata rubutu ka mayar wa mai ita nan take. In abin da ka ɗauko ya haura dala 10,000 sai ka bayyana wa kwastan kafin ka tashi, doka ce.

Kar ka canza da yawa a filin jirgin Jidda, na tasi da ruwa ya isa, sauran ka bari sai ka shiga gari. Kuma ka nemi ƙananan riyal, 'yan biyar da 'yan goma, saboda mai aski bayan sa'ayi da mai tasi da sadaka duk a hannu ake ba su. Harami ba shi da aljihu, sai ka ɗaura lalita a ƙugu ka sa na yini kawai, ragowar ka kulle a masauki, cunkoson ɗawafi ba wasa ba ne.

Shi kuma kati, manyan kantuna da otal-otal duk suna karɓa, tikitin jirgin ƙasan Haramain zuwa Madina ma ya fi sauƙi da shi. Amma ka je banki tukuna ka tambaya ko katinka na aiki a waje da nawa ne iyakarsa, don a 2022 bankuna da yawa sun rufe katin naira a ƙasashen waje, sai a 2025 wasu suka buɗe da iyaka. Ni kaina na taɓa tsayawa gaban kanta da dabino kwali uku, kati ya ce atafau, ga layi a bayana kowa ya zuba min ido, ashe lambar OTP ce, wato lambar tabbatarwa da banki ke aikowa ta saƙo, aka tura layina na gida da na cire na sa a jaka. To ka buɗe romin, wato yadda layinka na gida zai yi aiki a ƙasar waje, ka bar layin a waya.

In na'urar POS ta tambaye ka riyal ko dala, danna riyal, canjin da take yi maka da kanta tsada gare shi.